Sarkin Da Kuɗinsa Suka Yi Masa Shaida

Akwai waɗansu mutane da ba su da abin sha'awa kamar tara tsabar kuɗi na zamanin da. Ba don saye da sayarwa kaɗai suke yi ba. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da sunan sarki da kamanninsa, saboda haka idan littattafai suka yi shiru, sau da yawa kuɗin ne ke ba da labari.

Mutanen Rum ba da inji suke buga kuɗinsu ba. Maƙeri ne ke sassaƙa hoton sarki da sunansa a jikin hatimi na ƙarfe, a ɗora ɗan guntun azurfa ko tagulla, a buga da guduma. Tun da yake da hannu ake sassaƙar, ba hatimi biyu da za su zama daidai. Kuɗin da suka fito daga hatimi ɗaya kuwa, sai su yi kama kamar tagwaye, har da ɗan karce ko karkatar harafi. Wannan shi ne abin da masu bincike ke nema.

A shekarar 1900 aka tono wani kwabo kusa da birnin Nantes a ƙasar Faransa, da sunan wani sarki Domitianus. Tsofaffin littattafai sun ambaci wani jarumi mai wannan suna da ya yi tawaye, amma ba su nuna ya ci sarauta ba. Da yake kwabon guda ɗaya tilo ne, sai masana da yawa suka ce jabu ne. Haka maganar ta kwanta har shekara ɗari.

A shekarar 2003 wani mutum yana yawo da na'urar gano ƙarfe a wata gona a Chalgrove, kusa da Oxford a Ingila, sai ya sami tukunya cike da kuɗin Rumawa, kusan 5,000, duk tsatsa ta manne su wuri ɗaya. Bai ɓamɓare su ba, ya kai wa ma'aikata, kuma wannan haƙurin nasa shi ya yi rana. Da aka rarraba su a gidan tarihi na Landan, sai ga Domitianus a tsakiya. Aka gwada shi da na Faransa, aka ga hatimi ɗaya ya buga su. Mai yin jabu kuwa ba shi da hanyar cusa kwabo cikin tukunyar da ta shekara fiye da 1,700 a binne. Nan aka tabbata ya yi sarauta wajen shekarar 271, ko da yake ta 'yan kwanaki ce.

Da can irin wannan gwaji sai da tafiya da wasiƙu. Yanzu mai kwabo yakan ɗauki hotonsa, ya rubuta nauyinsa da inda aka same shi, ya sa a intanet, wani a wata ƙasa ya duba nasa ya gwada. A Ingila tun 1997 aka kafa tsarin rubuta abin da mutane suka tsinta, kuma abubuwan da aka rubuta sun wuce miliyan ɗaya. Kwabon Domitianus na biyu yana gidan tarihi na Ashmolean a Oxford.