Layi Ya Sauko, Farashi Bai Sauko Ba

A watan Fabrairun 2025 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta sanar da cewa hauhawar farashi ta koma kashi 24.48 cikin ɗari a Janairu, bayan ta kai kashi 34.80 a Disambar 2024. Kafin ka ce kwabo zanen giraf ya karaɗe wayoyi: layi yana ta hawa tun cire tallafin man fetur a Mayun 2023, sai ga shi ya sulalo ƙasa. Majalisun hira a Dutse suka rabu gida biyu. Wasu na cewa kaya sun sauko, waɗanda suka dawo cefane daga kasuwar Shuwarin kuwa na rantsuwa cewa alƙaluman ƙarya ce tsagwaronta. Kuskure ɗaya duka ɓangarorin suka tafka, domin sun ɗauka layin nan farashi yake nunawa.

Duk wanda ya yi aljabara a sakandare ya san fankshin: ka ba shi lamba ɗaya, ya mayar maka da lamba ɗaya. A zanen hukumar, watanni ne jere a layin kwance, kowane wata da lambarsa a layin tsaye. Sai dai kafin a kalli hawa ko sauka, kamata ya yi a tambaya: lambar mece ce? Ba kuɗin buhun shinkafa ba ne. Yawan ƙarin da kaya suka yi ne idan an gwada da wannan watan a bara, wato saurin tashin farashi.

Ɗauki direban da ya taso daga Dutse za shi Kano yana gudun 120. Da ya kusa gadar Wudil sai ya sassauta zuwa 80. Allurar gudu ta sauko, ba musu, amma motar ba ta juya Dutse ba, tana ta ƙara nisa, a hankali dai. Kafin ta koma baya sai an saka ribas, wanda a zane yake nufin layin ya nutse ƙasa da sifili.

Mu ƙaddara ana sayar da tiyar gero naira 1,000. Ƙarin kashi 34.80 zai kai ta 1,348. Shekara ta zagayo, hauhawa ta “sauko” zuwa 24.48, sai tiyar ta zama kusan 1,678. Maigidan da ya ce shi bai ga sauƙi ba ya faɗi gaskiya, hukumar ma ba ta ce ya gani ba. Saukar da hatsi kan yi da kaka kuwa wata magana ce daban, kuma don kada ta rikita lissafi ne ake gwada Janairu da Janairu maimakon Janairu da Agusta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne layin da aka ja tsakanin 34.80 da 24.48. A daidai wannan lokaci NBS ta sauya ma'auninta. Shekarar da ake ɗora lissafi a kanta ta tashi daga 2009 ta koma 2024, an ƙara yawan kayan da ake bibiya, an kuma rage nauyin da ake bai wa abinci a lissafin. Sauyin ya dace, tunda yadda mutane ke kashe kuɗi a 2009 ba haka yake yanzu ba. Ko kuɗin data kaɗai ya isa shaida. Amma 34.80 da 24.48 ba daga fankshin ɗaya suka fito ba. Zanen gaskiya zai bar giɓi a tsakani, ya rubuta cewa a nan aka canza ma'auni. Ɗalibin lissafi a Jami'ar Tarayya ta Dutse da zai haɗa irin waɗannan ɗigo biyu a jarrabawa, jan biro zai sha.

Hukumar ta bayyana sauyin a sanarwarta. Masu neman yabo ne suka ɗauki gangaren suka bar bayanin, mu kuma muka yi ta turawa a WhatsApp ba tare da mun karanta ƙaramin rubutun da ke gefen layin tsaye ba.