Bagaruwa, Sirrin Majeman Kano

Shirinmu na musamman na yau daga Soron Ɗinki yake zuwa muku, a cikin birnin Kano, unguwar da sunanta ma ya gaya maka sana'ar da aka san ta da ita. Sai dai yau allura da zare za su ɗan dakata, domin hirar tamu a kan wata bishiya ce mai ƙaya wadda da wuya ka ga ko guda a lungunan nan, alhali kusan kowane gida akwai aikinta.

Dattijo ya fito zaure ya shimfiɗa buzu. Malam ya rataya gafakar Alƙur'aninsa. Ranar hawan Sallah dawakai sun wuce da linzami da majayi, mahayi ya rataya takobi cikin kube. Duk fatar da ke jikin waɗannan kaya, in dai jimar gargajiya aka yi mata, to ta sha bagaruwa. Wasu gabaruwa suke ce mata. A jihar Tawa ta Nijar ma akwai gari sukutum mai suna Bagaruwa.

Bishiya ce mai jure fari, ko da yake tana son fadama da bakin tafki. Furenta rawaya ne, dunƙule-dunƙule, ƙayarta fara ce doguwa, 'ya'yanta kuma cikin kwanso suke. Kwanson nan shi ne dukiyar. Wanda ya taɓa tauna shi ya san yadda yake ɗaure baki da bauri, wanda na goro bai kama ƙafarsa ba. To wannan baurin shi ke shiga jikin ɗanyar fata ya kama ta, ya hana ta ruɓewa.

A majema, irin ta Ƙofar Wambai, fata ba ta haɗuwa da bagaruwa sai ta sha wuya. Ana jiƙa ta cikin ruwan toka har gashi ya saki, a ɗora ta a kan icce a kankare, a sa ta cikin ruwan kashin kaji ko na tattabaru don ta yi laushi. Wanda ya taɓa bi ta kusa da majema, hancinsa ya riga ya ba shi labarin wannan mataki. Sannan a daka busasshiyar bagaruwa a turmi, a jiƙa, a tsoma fatar ana murzawa ana juyawa har ta ƙoshi. Majemi na gane ta jimu ne idan ya ɗan yanka gefenta ya ga launin ya ratsa har tsakiya. Daga nan a shafa mai, a shanya, a miƙa wa dukawa. Idan ja ake so, ga karan dafi. Idan baƙi ne, ruwan tsatsar ƙarfe na haɗuwa da baurin da ke jikin fatar, nan take ta koma baƙa wuluk.

Wannan fata ce ta kai sunan Kano nesa. Daga Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, a da ayarin raƙuma ke kwasar ta zuwa Gadamas da Tarabulus. Bajamushen nan Heinrich Barth da ya sauka Kano a 1851 ya ambaci jemammiyar fata da takalma cikin manyan kayan da birnin ke fitarwa. Da ta isa Turai sai masu ɗaurin littafi suka laƙaba mata sunan fatar Maroko, saboda ta tashoshin arewacin Afirka take zuwar musu. Akuyar, jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce, bagaruwar tamu ce, majemin namu ne, amma yabon ya tafi gidan dillali.

Masu sauraro, iyayenmu mata ma sun san ta farin sani. Ana dafa ta mai jego ta yi amfani da ruwan, ana kuskure baki da ita idan dasashi na jini, ana jiƙa kaɗan saboda gudawa. A nan sai mu ce a yi hattara: abin da ke iya ɗaure fatar akuya bai kamata a riƙa kwankwaɗarsa kofi-kofi ba, kuma yaron da gudawa ta kama, ruwan gishiri da sukari da asibiti ne gaba.

Danginta ma ba ragwaye ba ne. Dakwara ce ke ba da ƙaro mai kyau, wanda almajiri ke sa wa tawada don ta kama allo, kuma kamfanonin lemon kwalba da alewa na duniya ke saye daga Sudan da Cadi da Najeriya. Gawo kuwa da damina yake kakkaɓe ganye, ya bar wa gero rana da taki.

Akwai wani abin dariya a nan. Waɗannan itatuwa da na ƙasar Ostareliya a da suna ɗaya masana ke kiran su da shi, wato akeshiya. A taronsu na birnin Melbon a 2011 aka tabbatar wa na Ostareliya sunan, namu aka sake musu wasu. Can a jihar Kwinsland kuwa, bagaruwar da aka kai don inuwa da abincin dabbobi ta mamaye makiyaya, har kashe kuɗi suke yi wajen tumɓuke ta. A nan gida kuma gatarin masu itace da gawayi ne ke bin ta.

Yau manyan masana'antun fata na Sharaɗa da Challawa sinadarin kurom suke amfani da shi, saboda ya fi sauri, mutanen da ke bakin kogin Challawa kuma sun daɗe suna kuka da ruwan da ke fitowa daga can. Majemin gargajiya har yanzu buhun bagaruwa yake saye daga ƙauye, ya daka da hannunsa, abin da ya rage a ramin kuwa kwanson bagaruwa ne da ruwa.

A nan za mu dasa aya, daga Soron Ɗinki.