Dalilin Da Ya Sa Sanarwar Hukuma Ke Nutsewa A Binciken Intanet

A duk lokacin da Hukumar JAMB ta saki sakamakon jarrabawa, shagunan kwamfuta a Dutsin-Ma kan cika da ɗalibai na garin da na maƙwabta irin su Kurfi, suna neman sanarwar ɗaukar ɗalibai ta Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011. Yawancinsu sun ɗauka duk abin da Google ya fito da shi a sama shi ne ingantacce, alhali sau da yawa shafin 'yan neman kuɗin talla ne.

Tsarin PageRank, wanda Larry Page da Sergey Brin suka gina Google a kansa a 1998, yana auna darajar shafi ne da yawa da kuma ƙimar shafukan da suka yi nuni zuwa gare shi, sannan Google na haɗa shi da wasu ma'aunai kamar saurin buɗewa a waya da dacewar kalmomi da tambayar mai nema. Masu shafukan talla sun laƙanci wannan, suna sabunta rubutunsu kullum, yayin da hukumomi da dama ke ɗora hoton takarda mai hatimi, wanda manhajar bincike ba ta karanta shi da sauƙi, ko su manna ta a allon ofis, da Turanci zalla.

Abin takaici shi ne ƙasar Hausa ta taɓa magance irin wannan matsala. A 1939, lokacin da jita-jita kan Jamus da yaƙin da ke tafe ta game Arewa, an kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Rupert East da Abubakar Imam suna riƙe da ita, domin labarin hukuma ya isa ga talaka da harshensa. Kafin ita kuwa, sanƙira ne ke kewaya kasuwa da shelar sarki, kuma kowa ya san bakin da maganar ta fito. Hukuma ce ke zuwa wurin jama'a a wancan zamani.

Don haka wajibi ne jami'o'i da ƙananan hukumomi su riƙa rubuta sanarwa a shafukansu da Hausa da Turanci, da kwanan wata, a rubuce ba a hoto ba. Iyaye ma kada su biya ko sisi sai sun tabbatar adireshin shafin ya ƙare da edu.ng ko gov.ng, domin kuɗin rajistar yaro gumin manomi ne.