Itatuwan da Ke Kashe Dawaki a Makiyaya

Akwai itatuwan da ganyensu ko 'ya'yansu ke kashe doki, kuma wanda ya fi tayar da hankalin masu dawaki a Turai shi ne sikamo. Duk shekara daga watan Oktoba, idan iska ta fara kakkaɓo 'ya'yansa masu fiffike, likitocin dabbobi a Ingila da Beljiyam da Faransa kan shiga yin gargaɗi, masu filaye kuma su kama gardamar a sare shi ko a bar shi.

An daɗe ana ganin cutar da sikamo ke jawowa ba a san tushenta ba. A arewacin Jamus a 1995 dawaki fiye da 100 suka mutu cikin kaka ɗaya. Sai tsakanin 2012 da 2013 masu bincike a Jami'ar Minnesota ta Amurka suka gano gubar, mai suna haifogilaisin A, a 'ya'yan wani ɗan'uwan sikamo, daga baya aka tabbatar da ita a sikamon Turai. Ba baƙuwa ba ce a Afirka ta Yamma: ita ce ke cikin 'ya'yan gwanja kusa da ba su nuna ba.

Aikinta shi ne hana tsoka samun ƙarfi daga kitsen jiki, kamar injin da tankinsa ke cike amma bututun mai ya toshe. Dokin da jiya ke sukuwa sai a wayi gari ya sanƙare, kai a sunkuye, gumi na tsiyaya, jiki na makyarkyata. Fitsarinsa ya yi ja mai duhu saboda tsokar da ta lalace. Wani ma yana kwance amma yana neman abinci, abin da ke yaudarar mai shi. Idan gubar ta kai tsokar numfashi da zuciya, shi ke nan. Kusan uku cikin huɗu na waɗanda suka kamu ba sa tashi, kuma babu makari. Ƙarin ruwa da jinya kawai ake yi.

Babban kuskure, a can da nan, shi ne cewa wai dabba ta san abin da zai cutar da ita. Doki mai ƙoshi kan kauce wa ganye mai ɗaci, gaskiya ne, amma yunwa ba ta zaɓe. Galibi filayen da aka cinye ciyawarsu ƙarƙaf ne ke jawo asara, doki ya yi ta kalar ƙasa yana haɗawa da abin da ya faɗo. Ga shi kuma doki ba ya amai, abin da ya shiga ya shiga. Sare itace ɗaya ma ba ya raba gardama, domin iska na kawo 'ya'yan daga gonar maƙwabci, kuma tsiron da ke fitowa bayan sanyi shi ma yana da gubar.

A ƙasar Hausa babu sikamo, amma akwai samberu da gwaska, waɗanda makiyaya suka daɗe da sanin dafinsu, akwai kuma 'ya'yan zurma, da doki ya fi yawancin dabbobi rauni a kansu. Haɗarin ya fi yawa a ƙarshen rani, sa'ad da duk wani koren ganye ke jan ido. Masu ɗaure doki a gindin kowace inuwa ba tare da sun ɗaga kai sun duba itacen ba, sakaci suke yi. A killace itacen, a share abin da ya zubo, a wadata doki da harawa da ingirici kafin a sake shi, kuma da an ga fitsari ya sauya launi a kira likitan dabbobi a ranar.