Rikicin wakafi: wa ke da bakin magana a gaban hukuma?

A Garoua, Maroua da Ngaoundéré, sau da yawa bawan Allah kan bayar da fili don masallaci ko makarantar allo, da baki kawai, a gaban shaidu. Bayan rasuwarsa sai magada su taso da batun gado. To, wa zai kare filin?

A fikihun Malikiyya, wakafi ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa. Naziri, wato wanda aka damƙa wa amanar kula da shi, shi ne wakilinsa idan shari'a ta taso, don haka bai kamata a yanke hukunci ba a ji ta bakinsa ba.

Sai dai dokar filaye ta Kamaru, ta 6 ga Yuli 1974, ta ɗauki takardar mallaka, wato titre foncier, a matsayin shaidar mallakar fili a hukumance. Idan wani ya nemi takardar a kan filin wakafi, naziri na iya shigar da ƙorafi gaban kwamitin da sous-préfet ke shugabanta, wanda sarkin yankin ke ciki. Idan ya yi shiru har takardar ta fito, ƙwato filin sai an sha wuya.

Senegal ta kafa dokar wakafi ta musamman a 2015. A arewacin Kamaru kuwa, garkuwar naziri ita ce ya rubuta wakafin da sunayen shaidu, ya kuma nema wa filin takarda tun mai bayarwa yana raye.