Shafin Intanet Mai Tsarin Kasuwa

A ce kulob ɗin kwamfuta na makarantarku ya gina wa makaranta shafin intanet. Da farko labarai ne kawai a ciki, sai hotunan ranar wasanni. Bayan wata biyu shugaban makaranta ya ce a ƙara wurin duba sakamakon jarrabawa. Iyaye kuma suka nemi wurin biyan kuɗin makaranta. Idan dunƙule guda aka rubuta manhajar shafin, duk ƙarin da za a yi sai an taɓa cikinta gaba ɗaya, kuma kuskure ɗaya a wurin biyan kuɗi zai iya kashe shafin ranar da kowa ke neman sakamakonsa.

Masu gina manhaja sun daɗe da samo mafita, kuma mu a ganinmu ba abin da ya fi kama da ita irin kasuwa. Kasuwa tana da fili, da ƙofofi, da sarkin kasuwa da ya san wanda ke da rumfa. Mai tumatir zai iya buɗe rumfarsa da hantsi, mai takalma ya rufe tasa da azahar, kasuwa kuwa tana ci abinta. Haka ake raba manhaja: a gina uwa ƙarama mai riƙe da muhimman ayyuka, sauran ayyukan a mai da kowanne ɓangare mai zaman kansa. Irin wannan ɓangaren da ake jonawa a cire shi ake kira fulogin, daga kalmar Turanci ta jona fulogi a soket.

Misalin da ya fi shahara shi ne WordPress. Matt Mullenweg ɗan Amurka, yana da shekara 19, da Mike Little ɗan Ingila suka fito da ita a 2003 don rubuce-rubuce a intanet. A 2004 aka ba ta damar karɓar fulogin. Yau fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya a kanta suke, kuma akwai fulogin kyauta sama da 50,000 a rumbunta. Wani mai suna WooCommerce yana mai da shafi ya koma kanti sukutum.

To, yaya ake jona sabon ɓangare ba tare da an tsayar da shafin ba? WordPress tana ajiye jerin sunayen fulogin da aka kunna a ma'ajiyar bayananta. Duk lokacin da wani ya buɗe shafin, sai ta duba jerin, ta ɗauko waɗanda ke ciki. Mai kula da shafi yana danna maɓallin kunnawa, sunan ya shiga jerin, baƙo na gaba zai tarar da sabon aikin. Ya kashe, sunan ya fita. Shi ke nan.

Abin da ya fi burge mu shi ne yadda uwar ke hulɗa da ɓangarorin da ba ta san da zuwansu ba. An dasa mata wurare da ake kira ƙugiya a kan hanyarta. Idan ta iso ɗaya, misali lokacin da za ta nuna labari, sai ta tsaya kamar mai tambaya: akwai mai abin yi a nan? Fulogin da ya rataya kansa a wannan ƙugiya zai yi aikinsa, ko ya gyara rubutun kafin ya fita, sannan uwar ta wuce gaba. Saboda haka mai rubuta fulogin ba ya buƙatar canza ko layi ɗaya a cikin uwar, kuma idan aka sabunta ta, aikinsa bai goge ba.

Amma fa kada mu yaudare ku, rumfunan nan ba su da katanga a tsakaninsu. Fulogin yana aiki da cikakken iko irin na uwar, yana iya karanta duk bayanan da ke ajiye, har da sunayen ɗalibai da makinsu. Yawancin ɓarakar tsaro da ake ganowa a shafukan WordPress daga fulogin take fitowa. Wasu mutum ɗaya ne ya rubuta su, ya watsar shekaru ba gyara. Wasu kuma biyu ne za su yi karo a ƙugiya ɗaya, shafi ya koma fari fat. Sai a 2019 aka ƙara wa WordPress dabarar aika wa mai shafi imel da hanyar shiga ta musamman don ya kashe fulogin da ya jawo matsalar. Kafin ku jona kowanne, ku duba yaushe aka sabunta shi, kuma wanda ba ku amfani da shi ku goge shi, kashewa kawai ba ta isa ba.

Ga mai son gwadawa, akwai ɗan ƙaramin fulogin mai suna Hello Dolly da ke zuwa tare da WordPress, Mullenweg ne ya rubuta shi. Ba ya komai sai nuna layukan wata tsohuwar waƙa a allon mai kula da shafi. Fayil ɗaya ne tak da harshen PHP, mai kimanin layi 100. Ku buɗe shi a ɗakin kwamfuta, ku nemo inda ya rataya kansa a ƙugiya, sannan ku musanya layukan waƙar da karin magana na Hausa ku ga abin da zai fito.