Kada A Sayar Da Tsohon Babur A Kan Sikeli

 Maganarmu ta yau a kan tsofaffin baburan Japan ce, waɗanda ke jingine cikin zauruka ƙura ta rufe su, har ran da ɗan gwangwan zai aza su bisa sikeli ya biya kuɗin ƙarfe. Lalle a cikin wannan ciniki akwai hasara.

Ga asalinsu. Wani bakanike, Soichiro Honda, shi ya kafa kamfanin Honda a 1948. A 1958 ya fito da ƙaramin babur mai suna Super Cub, wanda zuwa 2017 an ƙera guda miliyan 100. Suzuki kuwa da injin saƙa ya fara a 1909, Yamaha ta shiga ƙirar babur a 1955.

A wajenmu, da aka gama madatsar Kainji a 1968, aka ta da Gungawa daga tsibirai zuwa sababbin matsugunai, sai tafiya da yawa da a da ake yi cikin jirgi ta koma ta tudu. Sa'an nan kuɗin Udoji suka fito a 1975, malaman makaranta da na gona da akawuna suka yi ta sayen Honda da Suzuki da Yamaha. A 1979 Honda ya kafa reshe a Nijeriya, masana'antarsa tana Ota. Amma tun da darajar naira ta faɗi a 1986, sabon babur na Japan ya gagari talaka, daga baya na Sin irin su Jincheng da na Indiya irin su Bajaj suka cika kasuwa.

To, me ya sa na dā ke da ƙarko? Ga misali. Kafin a ƙera CG125 a 1975, Honda ya aika ma'aikata ƙasashe masu tasowa, suka tarar mutane ba su canza baƙin mai kan kari, suna kuma yi wa babur lodi fiye da kima. Sai aka yi masa inji marar tarkace da yawa, mai jure sakaci, mai sauƙin gyara.

Yau a Japan da Ingila da Amurka akwai masu tara irin waɗannan babura, kamar yadda malami ke tara tsofaffin littattafan hannu. Waɗansu su mai da babur kamar ran da ya fito daga masana'anta, waɗansu su sāke masa siffa, su gajarta sirdi, su sunkuyar da kansa. Honda ma ya buɗe gidan ajiye nasa a Motegi a 1998. Ashe da tsohuwar zuma ake magani.

Saboda haka ga shawara. Wanda ke da shi ya adana takardunsa, kada ya bari a goge lambar inji ko ta gangar jiki, domin su ne shaidar asali. Kada a yanke jikinsa da walda, kada a zubar da tanki ko fitila ta asali ko da an sa sabuwa. Mu da ke bakin ruwa, tsatsa ce babbar abokiyar gaba: a ɗaga shi daga ƙasa mai laima, a tsiyaye tsohon fetur, a shafa wa sarƙa mai.

Ku malamai masu rabon gado, wannan ya shafe ku ƙwarai. In kun tarar da tsohon babur cikin abin da mamaci ya bari, kada ku yarda da kimar ɗan gwangwan. Ku kira tsohon bakanike amintacce ya duba, domin ba kowane ne mai daraja ba, amma ko wanda ya mutu murus kayan jikinsa kan yi wa wani magani. Haƙƙin maraya ba a auna shi da ka.

Ku 'yan kasuwa kuma, in za ku saya ku gaya wa mai shi gaskiyar abin da ke hannunsa, in za ku sayar ku bayyana aibinsa. Allah Ya sa mu dace. Haza wasalam.